Daga Zaure Zuwa Intanet: Tarihin Karatu Daga Nesa da Shaidarsa a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Tsakanin Dogon Dutsi da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 275 a kan babbar hanyar da ta ratsa Doso. Malamin firamare da aka tura Matankari, ko Dumega, ko Kore Mairuwa, idan ya ƙuduri niyyar neman digiri, wannan tazara ce yakan fara lissafawa: wa zai riƙe masa aji, wa zai duba masa gona da iyali, a gidan wa zai sauka in ya isa birni. A yau wayar hannu ta sauƙaƙa wannan lissafi, domin darasin jami'a yana iya tarar da mutum a ƙarƙashin rumfar gidansa. Sai dai akwai wata tambaya da ta girmi wayar, ta girmi jami'ar kanta. Idan mutum ya gama karatunsa daga nesa, wa zai shaide shi? Idan kuma ya ɗauki abin da ya tara zuwa wata makaranta, za a auna masa shi a ɗora, ko kuwa za a ce ya koma farko?

Wannan maƙala ta bi sawun tambayar a ƙasar Arewa ta Arawa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Doso, tun daga zauren malam har zuwa allon kwamfuta. Abin da tarihin ya nuna shi ne, a kowane zamani an sami dabarar isar da karatu ga na nesa. Wahalar da ta fi daɗewa ita ce ta samun shaidar da za a karɓa a gaba.

Ƙasa mai ƙofa biyu

Ba za a gane matsalar ba sai an dubi inda Arewa take. Ƙasa ce da ke kwance cikin Dallol Mawri, wadda a ƙarni na 19 ta zauna tsakanin Zabarmawan Doso, da Kabawan Argungu, da daular Gwandu. A yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898, an bi wannan kwari aka shata iyaka, sannan aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka bar wa Ingila abin da ke cikinta. A watan Afirilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya. Sai da aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906 kafin iyakar ta tsaya kusa da inda take yanzu, Matankari da Dogon Dutsi suka tabbata a hannun Faransa.

Sakamakon haka Arawa suka rabu gida biyu. Har gobe akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kabi ta Najeriya, mai hedikwata a Kangiwa, inda dangi da surukan mutanen Tibiri da Dumega suke. Yara biyu masu kaka ɗaya, ɗaya ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗaya ya shiga makarantar Ingilishi, kowa ya fito da takardar da hukumar ɗan'uwansa ba ta san darajarta ba. Saboda haka batun ɗaukar karatu daga wani tsari zuwa wani, a wurin mutumin Arewa, magana ce ta cikin gida.

Karatun zaure da ijaza

Tun kafin zuwan Nasara, ƙasar Hausa tana da hanyarta ta tara karatu kaɗan kaɗan daga hannun malamai daban daban. Ɗalibin ilimi ba ya ɗaure kansa ga makaranta guda. Yakan karanta Ahalari da Ishmawi a garinsu, ya tafi wani gari ya ɗauki Iziyya da Risala, ya ji labarin wani gwanin nahawu ya bi shi don Ajuruma da Alfiyya, in Allah ya yi masa tsawon rai ya kai ga Muhtasar. Littafi shi ne ma'auni. Idan ya sauka a sabon zaure, malam yakan tambaye shi abin da ya karanta da wurin wanda ya karanta, wani lokaci ya sa shi ya ja baki ya fassara, sannan ya ɗora masa daga inda ya tsaya. Wanda ya ƙware a wani littafi, musamman na hadisi, akan ba shi ijaza, wato izinin karantar da shi, tare da jerin malaman da littafin ya biyo ta hannunsu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Duk wanda ya saba da takardar sakamakon jami'a ta yau zai ga kamarta a cikin wannan aiki: darasi, da sunan mai koyarwa, da shaidar kammalawa.

Gaskiya ne Arewa ba ta cikin cibiyoyin wannan karatu a ƙarni na 19. Ƙasa ce da ta riƙe addinin gargajiya da bori, ta kuma yi ƙawance da Kabi wajen tsayayya da Gwandu. Musulunci ya bazu cikinta sosai ne a ƙarni na 20, kuma da ya bazu, almajiranta suka kama hanyar gabas da kudu, zuwa Sakkwato, Argungu, Zariya da Kano, galibi da rani bayan an kau da amfanin gona. Ƙarfin wannan tsari shi ne, ba a zubar da abin da ɗalibi ya riga ya tara. Rauninsa kuwa, shaidar tana rataye ne ga sunan malami da sanin da jama'a suka yi masa. Ofishin gwamnati ba ya karanta irin wannan shaida.

Lakwal, Ponty da gidan waya

Makarantar Faransa ta zo da wani tsari dabam, mai kama da tsani guda ɗaya. Yaro yakan fara a lakwal ta gari, in ya yi fice a kai shi ta yanki, daga nan babbar firamare ta Yamai, sannan ƴan ƙalilan su wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913 kafin a mai da ita Sebikotan a 1938. Bubu Hama da Jori Hamani duk ta nan suka bi. Wanda ya zame daga tsanin, ko don rashin lafiya, ko don iyaye sun janye shi zuwa gona, ba shi da wata ƙofa. Shekarun da ya yi ba su da lissafi idan bai kai ga jarrabawar ƙarshe ba. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a ƙasar.

Ƙofar da ta rage wa mushe na ƙauye da akawun kwamanda ita ce gidan waya. Karatu ta wasiƙa ya riga ya kafu a Turai. Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga ɗaliban waje tun 1858, kuma ta wannan hanya ƴan Najeriya da dama suka sami digiri ba tare da sun taka Ingila ba. A Faransa akwai École Universelle da aka kafa a Paris a 1907, da kuma hukumar gwamnati da aka buɗe a 1939 saboda yaƙi, wadda daga baya ta zama CNED. Ma'aikatan ƙasashen renon Faransa sun yi amfani da irin waɗannan makarantu wajen shirya wa jarrabawa. Darasi yakan zo cikin ambulan, mutum ya yi aikinsa da dare a gaban fitilar ƙwai, ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo.

Akwai abin lura a nan. Makarantar wasiƙa mai zaman kanta tana koyarwa, amma kwalin da ke ɗaga matsayi a aikin gwamnati ba daga hannunta yake fitowa ba. Dole ɗalibi ya je ya zauna jarrabawar hukuma, ko ta bak a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ko ta CEAP da CAP waɗanda malaman firamare ke hawa da su. Mai koyarwa daban, mai shaida daban. Wanda ya fahimci haka ya ci riba. Wanda ya ɗauka takardar yabo da makarantar ta aiko masa ita ce kwali, ya ƙare da abin maƙalawa a bango.

Rediyo, talabijin da jami'ar gida

Bayan ƴancin kai, Nijar ta shiga sahun gaba a duniya wajen gwada koyarwa daga nesa. An kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962. A 1964 aka fara talabijin ta makaranta, inda ake shirya darasi a Yamai a watsa shi zuwa azuzuwan da mai kula ke tsaye maimakon cikakken malami, har wasu akwatunan suka yi aiki da hasken rana. Shirin ya jawo masu bincike daga ƙasashe da dama, amma bai game ƙasa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe shi, kayan aikinsa suka zama harsashin Télé Sahel. Ɗaya daga cikin matsalolinsa ita ce haɗa yaran da suka taso a ajin talabijin da tsarin jarrabawar sauran makarantu.

A matakin sama kuwa, ɗaliban Nijar suna warwatse a Dakar, Abijan, Faransa, Tarayyar Sobiyet, Masar da sauransu, kowa yana dawowa da kwali mai suna dabam da yawan shekaru dabam. A Yamai ne shugabannin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka yanke shawarar kafa hukumar CAMES a watan Janairu na 1968. Mazauninta yana Wagadugu, kuma masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ne ya fara riƙe ta. A 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar amincewa da kwalayen juna da daidaita darajarsu. Cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai ta buɗe a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A Sayi kuma Jami'ar Musulunci ta fara aiki a 1986.

Duk da haka, waɗanda suka yi karatu da Larabci a Azhar, ko Madina, ko Sudan, da waɗanda suka tsallaka Najeriya, sun daɗe suna zarya a ofisoshi don neman takardar daidaita kwali. Ilimin yana nan, amma awon da aka auna shi da shi ba irin na kasuwar gida ba ne.

Zuwan intanet da tsarin kiredi

Bankin Duniya ya ƙaddamar da Jami'ar Afirka ta Intanet a 1997, kuma jami'ar Yamai ta kasance cikin masu masaukinta. Ƙungiyar jami'o'in masu amfani da Faransanci, AUF, ita ma ta buɗe cibiyar kwamfuta a Yamai, inda ɗalibi zai yi rajista da wata jami'a ta Faransa, ko Sanagal, ko Burkina Faso, ya bi darasi ta intanet, ya zo cibiyar ya zauna jarrabawa a gaban masu sa ido. Nisan Turai ya ragu, amma nisan Yamai yana nan ga mutumin Gesheme ko Dankasari.

Wayar salula ce ta fara rage wannan nisa na biyu. A 2009 da 2010 an gudanar da wani gwajin yaƙi da jahilci a ƙauyuka sama da 100 na jahohin Doso da Damagaram, wanda Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddiginsa. An tarar cewa manyan da aka koya wa rubuta saƙo a waya sun fi takwarorinsu samun sakamako a karatu da lissafi. Wannan ba karatun jami'a ba ne, amma ya nuna cewa na'urar da ke aljihun manomi tana iya zama allo.

A daidai wannan lokaci aka sauya ma'aunin karatun jami'a baki ɗaya. Ƙasashen Turai sun amince a Bologna a 1999 su daidaita digirinsu. Jami'o'in yammacin Afirka suka kafa ƙawancen REESAO a 2005, ƙungiyar UEMOA ta ba da umurni a 2007, Nijar ta tabbatar da tsarin LMD a 2010. A ƙarƙashinsa lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimilla 180. Masta kuma kiredi 120 ne a kan haka. Kiredi ɗaya yana nufin aikin ɗalibi na awa 20 zuwa 25, har da wanda ya yi shi kaɗai a ɗakinsa. Ƙa'idar ta ce kiredin da aka ci ya zama mallakar ɗalibi, ba ya ɓacewa don ya faɗi wani darasi ko ya dakata, kuma ana iya ɗaukarsa zuwa wata jami'a.

Kiredi dai tiya ce ta auna karatu. A wannan fuska tsarin ya fi kusa da na zaure fiye da tsanin Faransa na da, tun da ya yarda mutum ya tara kaɗan kaɗan daga wurare dabam dabam. Amma duk mai zuwa kasuwar Dogon Dutsi ya san cewa tiya ba ta aiki sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da ita. A aikace, jami'ar da ɗalibi zai koma ita ce ke kafa kwamiti ya duba takardunsa, ya kwatanta abin da ya karanta da manhajarta, ya karɓi wani ya bar wani.

Jami'o'i kuma sun matso kusa. An buɗe na Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Doso, Agadas, Difa da Tilaberi a 2014, aka kuma ɗora wa ta Doso fannin fasahar sadarwa ta zamani. A ƙetare, Sanagal ta kafa jami'ar intanet ta gwamnati a 2013, Kodebuwa a 2015. A Najeriya an farfaɗo da jami'ar karatu daga gida, NOUN, a farkon shekarun 2000 bayan an dakatar da ita a 1984, kuma cibiyar horon malamai ta Kaduna, NTI, tana koyar da malamai daga nesa tun kafuwarta a 1976. Daga Tibiri, jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Aliero, da ta Birnin Kabi duk ba su da nisa.

Inda ƙafa ke zamewa

Yawan ƙofofi ya zo da yawan ramuka. Na farko shi ne rikita takardar halarta da kiredi. Dandali irin su Coursera, da aka kafa a 2012, da FUN na Faransa, na 2013, suna ba da darussa masu inganci, amma takardar da suke bayarwa a ƙarshe galibi shaidar bin darasi ce, ba ta shiga lissafin 180 sai wata jami'a ta amince da ita tun farko. Wannan shi ne tsohon kuskuren zamanin wasiƙa ya dawo cikin sabuwar riga.

Na biyu shi ne kwalin bogi. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairu na 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance kwalayen Benin da Togo. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah, domin idan aka daina yarda da awo, mai gaskiya da maƙaryaci tare suke asara.

Na uku shi ne bambancin tsari a tsallaken iyaka. Digirin farko a Najeriya shekara 4 ne a mafi yawan fannoni, da nasa lissafin darussa, da harshen Ingilishi. Ɗan Arewa da ya fara a Yamai ya so ƙarasawa a Sakkwato, ko ya fara a Aliero ya dawo Doso, dole a fassara masa takardu a kuma daidaita su, kuma ba kasafai yake tsira da dukkan shekarunsa ba.

Na huɗu shi ne abin da ya fi ƙarfin ɗalibi. An rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, sai aka ga ƙarara yawan ɗaliban da ba su da wuta, ko na'ura, ko kuɗin sayen intanet. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa yammacin Nijar daga Birnin Kabi, aka kuma rufe iyaka har cikin 2024. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu na 2025, ta kuma sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris na 2025. Yarjejeniyoyin da karatun nesa ya jingina da su suna iya motsawa ɗalibi yana tsakiyar zango.

Kammalawa

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Almajirin da ya bar Matankari da rani ya san littafin da zai karanta da malamin da zai nufa bayan wannan, ya kuma san cewa malamin gaba yana ganin girman na baya. Malamin makaranta na yau, ko cikakken ma'aikaci ne ko ɗan kwantaragi, yana bukatar irin wannan shiri kafin ya biya kuɗin rajista. Ya fara sanin kwalin da yake nema da jami'ar da za ta ba shi. Ya tabbatar gwamnatin ƙasar da makarantar take ta amince da ita, ya duba ko kwalin yana cikin jerin da CAMES ta tantance, ya tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai. Ya nemi jami'ar da zai koma ta faɗa masa a rubuce darussan da za ta karɓa. Ya san inda za a zauna jarrabawa da wanda zai sa ido. In ma'aikaci ne, ya nemi izinin ma'aikatarsa tun farko idan yana fatan kwalin ya ɗaga masa matsayi. Ya kuma adana takardar sakamakon kowane zango tare da bayanin abin da darasin ya ƙunsa da yawan awoyinsa, kamar yadda Abdullahi na Gwandu ya adana sunayen malamansa.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya a ƙauyen da intanet ke zuwa tana ɗaukewa. Tarurrukan CAPED da malamai ke yi, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyoyin raya al'adu na Dogon Dutsi da Tibiri, suna iya tattara sanin waɗanda suka riga suka bi hanyar: wace makaranta aka karɓi kwalinta, wace aka mayar, wane ofishi ake fara zuwa. Ɗaki ɗaya mai hasken rana da kwamfuta kaɗan a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma zai rage wa malamai da dama tafiyar Doso da Yamai, musamman mata waɗanda barin gida na shekara 3 bai yiwuwa gare su. Shekarun da malamin ƙauye ke kashewa a kan karatu bayan ya tashi daga aji, da kuɗin da yake cirewa daga albashin da bai isa ba, sun cancanci a auna su cikakku a duk jami'ar da ya kai su.